Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugabar NAFDAC: a gwada liƙin leda kamar yadda ake gwada abin da ke cikinta

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Babbar Daraktar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC,
Abuja.

Ranki ya daɗe,

Ni ma'aikacin duba ingancin kaya ne a wata masana'antar abinci a nan Kano. Idan na samu sarari kuma nakan taimaka wa ƙananan masu sana'a, yawancinsu mata, waɗanda ke ƙulla garin kunu da yaji da dambun nama da kilishi a leda suna neman lambar hukumarku. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yar kafar da takan saura a bakin leda ko a katin magani bayan an liƙe, wadda ido ba ya gani. Na rubuta a fili, kuma da Hausa, domin masu sana'ar da masu sayen kayansu su ji abin da nake roƙo a madadinsu.

Talaka ya yarda da lambar NAFDAC. Tun zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008, ya koyi juya kaya ya nemi lamba kafin ya miƙa kuɗinsa. Ku ma kun ɗora a kan wannan ginin, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku na ƙwarewa a watan Maris na 2022. Sai dai lambar shaida ce a kan samfurin da aka kai ɗakin gwaji da kuma wurin da aka je aka duba. Daga ranar da kaya ya bar masana'anta zuwa ranar da uwa za ta yaga ledarsa a Gumel ko Illela akwai watanni, akwai bayan tirela, akwai rumfar kasuwa mai rufin kwano. Duk tsawon wannan lokaci babu mai gadin abin da ke ciki sai liƙin. Ranar ƙarewar wa'adi da ake bugawa a jiki ma an lissafa ta ne bisa sharaɗin cewa ledar a rufe take ruf. Idan akwai huji, ranar ta tashi daga aiki, amma mai saye zai ci gaba da dogara da ita.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin liƙe leda ya san yadda kafar ke samuwa. Zafi da dannawa da ɗan lokacin da aka riƙe su ne ke haɗa leɓe biyu na leda su zama ɗaya, kuma da ɗaya ya gaza liƙin ya gaza. A wajenmu zafi ne ya fi ba da matsala. Wutar Nepa takan zo ba ƙarfi, ko a koma kan ƙaramin janareta da ke ɗauke da firji da fanka, sai wayar injin ta ƙi ɗaukar zafin da ya kamata. Ledar za ta manne a ido alhali ba ta narke ta haɗe ba. In kuma wutar ta yi yawa, sai ta sirantar da ledar a gefen liƙin, ta bar wurin da zai tsage nan gaba. Ga ƙurar gari da ke sauka a bakin leda lokacin cikawa, ga maiƙon kilishi da na ƙuli-ƙuli, ga 'yar lanƙwasa da ke barin siririyar hanya daga ciki zuwa waje, ga ƙyallen da ke rufe wayar injin wanda ya cinye ba a sauya ba. Tsinin busasshen nama ma yakan huda leda daga ciki. Babu mugunta a nan, babu algus. Mai kayan ita kanta ba ta san da kafar ba.

Ba kuma sakacinta ne ya hana ta gani ba. Kaurin gashin kan mutum bai cika wuce maikiron 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ƙwayar bakteriya faɗinta wajen maikiron ɗaya ne. Tururin ruwa da iskar oksijin kuwa sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kafar da ba ta kai rabin kaurin gashi ba za ta wuce mai duba kaya ko da ya sa tabarau, amma danshi da ƙwayar cuta za su shige ta ba tare da wata wahala ba.

Dabarar gano ta kowa ya san asalinta. Mai faci yakan hura tib ya nutsa shi a ruwa, inda iska ta ɓulɓulo nan hujin yake. Ita leda a liƙe take, ba ta da bakin da za a hura, saboda haka maimakon a ƙara iskar ciki sai a rage ta waje. Na'urar akwati ce ta roba mai kauri wadda ake hango cikinta garau, da murfi mai hana iska shiga, da famfon zuƙe iska, da agogon da ke nuna yawan abin da aka zuƙe. Ana zuba ruwa, a sa ledar, a danne ta da faranti mai huji-huji don kada ta taso, a rufe, a kunna famfon a hankali. Da matsin iskar da ke saman ruwan ya ragu, sai 'yar iskar da ke cikin ledar ta buɗe, ledar ta kumbura. In liƙin lafiyayye ne, haka za ta tsaya a kumbure. In akwai kafa, sai a ga kumfa na fita a jere daga wuri guda ba ta yankewa. Kumfa ɗaya ko biyu da suka taso daga lungun leda suka tsaya, iska ce da ta maƙale a waje, ba a lissafa su. Ƙa'idar da ƙungiyar ASTM ta Amurka ta rubuta wa wannan gwaji, mai lamba D3078, ta ba da shawarar a riƙe daƙiƙa 30 ana kallo, sannan a saki iskar, a buɗe ledar a duba ko ruwa ya shiga.

Abin da na fi so a wannan gwaji shi ne yana nuna wurin da matsalar take. In kumfar daga kusurwa ɗaya take fita a kowace leda, bakin injin ne ya karkace. In daga mahaɗar liƙin baya da na sama take, zafin bai isa ya ratsa ninkin ba. In daga tsakiyar leda take, wani abu ne ya huda, sai a duba kayan ko teburin aiki. Ma'aikacin da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, da kansa zai koma ya gyara injinsa.

Katin magani kuma da ruwa mai shuɗin rinin metilin ake gwada shi. A nutsa katin, a zuƙe iska na ɗan lokaci, a saki. Gurbin ƙwayar da ke da kafa ya riga ya fitar da iskarsa, don haka da iska ta dawo sai ya zuƙi ruwan shuɗin. A wanke katin, a ɓare, duk ƙwayar da ta yi shuɗi ta tona asirin gurbinta. Ke malamar haɗa magunguna ce, kin koyar da wannan fanni shekara da shekaru a jami'o'in Amurka, saboda haka ba ke nake yi wa bayani ba. Masu karatu nake so su ga cewa abin da nake roƙo ba ya buƙatar gini na musamman ko digirin digirgir.

Wani zai ce huji ɗaya a leda ɗaya me zai yi? A watan Mayu na 1964 zazzaɓin taifod ya ɓarke a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotilan, ya kwantar da mutum fiye da 400 a asibiti, har aka rufe makarantu. Bincike ya kai ga gwangwani ɗaya na naman shanu da aka sarrafa a Rosario ta ƙasar Ajantina. An dafa naman a cikin gwangwaninsa, zafi ya kashe abin da ke ciki. Da aka zo sanyaya gwangwanayen sai aka yi amfani da ruwan kogi wanda ba a sa masa sinadarin kulorin ba. Gwangwani mai zafi idan yana hucewa matsin cikinsa raguwa yake yi, ya riƙa jan abin da ke waje, sai wannan ya zuƙi gurɓataccen ruwa ta wata kafa a jikinsa. Ya ƙetare teku, aka buɗe shi a wani kanti, aka yanka naman da inji, injin kuma ya shafa wa sauran naman da aka yanka bayansa. Haka kuma tsakanin 1970 da 1971 ɗaruruwan majinyata a asibitocin Amurka sun kamu da cutar jini ta hanyar ruwan da ake ƙara musu, wasu suka rasu, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta gano ƙwayoyin cutar a cikin murfin kwalaben suke. Irin waɗannan darussa ne suka sa ƙa'idar sarrafa magungunan allura da Tarayyar Turai ta sabunta a 2022, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ɗauki irinta, ta wajabta gwada kowace ƙaramar kwalbar allura da aka rufe ta hanyar narkar da bakinta, ta kuma bayyana cewa duba da ido ba ya zama gwajin rufi. Ta ce kuma a yi la'akari da abin da kaya zai gamu da shi a hanya, kamar raguwar matsin iska da tsananin zafi.

Wannan magana ta hanya ita ce ta fi shafar mu 'yan Arewa. Mafi yawan magani da abincin leda da muke saye daga Legas da Ota da Agbara da Anaca suke tasowa, wuraren da ba su da tudu sosai. Jos kuwa ta haura mita 1,200 a saman teku, matsin iskarta ya gaza na Legas da kusan kashi 13 cikin 100. Ledar biskit ko madarar gari da aka liƙe a Legas, kafin ta isa Jos ta kumbura, kuma duk mai shago a can ya san haka. Hanyar da kanta tana yi wa kaya gwajin zuƙe iska, sai dai babu mai kallo, babu mai rubutawa. Ga zafi kuma. Iskar da aka rufe a leda a digiri 25, in zafin bayan mota ya kai 50, matsinta zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. Da rana ledar ta tura iska waje ta kafar, da dare ta huce ta jawo ta waje zuwa ciki. In lokacin hunturu ne ƙura take jawowa, in watan Agusta ne danshi. Hukumarku tana buƙatar a gwada juriyar magani a zafin digiri 30 da danshi kashi 75 cikin 100, kuma daidai ne, amma sakamakon na katin da ke rufe ne.

Magungunan da danshi ya fi cutarwa kuwa su ne na yau da kullum. Sinadarin kilabulanet da ake haɗawa da amoksisilin da ya sha danshi yake lalacewa. Asfirin yakan rushe ya fara warin tsami. Garin ORS da ake dama wa yaro mai gudawa yakan dunƙule. Abin gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanda ma'aikacin ƙaramin asibiti ke dogara da shi kafin ya ba da magani, an rufe shi ne a leda mai ƙarfe-ƙarfe tare da ɗan ƙullin da ke shanye danshi, saboda danshi na ɓata sakamakonsa. Ga abincin gyaɗar nan mai giram 92 da ake ba yara masu tamowa: in ledarsa ta yi kafa mai zai tsattsafo, ya ja tururuwa da ɓera, abin da ke ciki ya canza ɗanɗano. Yaron da aka ba maganin da ya rasa ƙarfi ba zai warke ba, uwarsa ta ce ciwon ne ya yi tsanani, mai kemis ya ce wataƙila jabu aka sayar masa. Da wuya wani ya tuna da liƙin.

Na taɓa aiki da wata ƙungiyar mata masu garin kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa. Garinsu mai kyau ne, wurin aikinsu tsaf. Da damina ta kankama sai masu shaguna suka fara dawo musu da kaya, wani ya dunƙule, wani ya fara fumfuna. Suka zargi mai sayar musu da gyaɗa, suka zargi mai niƙa, har suka fara zargin juna. Da muka nutsa ledojinsu a akwatin zuƙe iska sai ga kumfa na fita daga bakin liƙin, daidai inda ƙurar gari ta kwanta. Gyaran bai wuce a goge bakin leda kafin a liƙe, a ƙara faɗin liƙin, a kuma dakata idan wuta ta yi rauni ba. Amma kafin a gano, jarin da suka haɗa ta hanyar adashi ya riga ya tafi. Kuma ranki ya daɗe, kin fi ni sanin abin da fumfuna a kan gyaɗa ke haifarwa na gubar afulatoksin, a abincin da aka yi domin yara.

Gwajin yana da iyakarsa, kuma ya kamata duk wanda za a ba shi ya san ta. Yana buƙatar a samu 'yar iska a cikin leda, don haka kilishin da aka zuƙe wa iska kafin a liƙe ba zai nuna kumfa ba sai an yi masa wata dabara. Ledar fiya wata cike take da ruwa, ita danne ta da nauyi a kan busasshiyar farar takarda ya fi nuna gaskiya. Gari ko mai yakan toshe ƙaramar kafa na ɗan lokaci har ta wuce gwaji. Ledar da aka nutsa ta tashi daga kayan sayarwa, ke nan samfuri kawai ake ɗauka. Sannan idon mai kallo yana gajiya. Shi ya sa kafin a fara aiki ake huda leda ɗaya da gangan da siririyar waya a gwada ta, in ba ta yi kumfa ba to na'urar ce ke da matsala. Ga maganin allura da ruwan ƙari kuwa kumfa ba ta isa ba. Akwai na'urar da ba ta amfani da ruwa: a sa kwalba a ɗan ƙaramin gurbi, a zuƙe iska, a rufe famfon, sai ma'auni ya auna ko matsin yana dawowa cikin 'yan daƙiƙoƙi. In yana dawowa, daga cikin kwalbar iska ke fita. Wannan ita ce hanyar ASTM F2338, tana gano kafa mai faɗin 'yan maikiron kaɗan, ba ta ɓata kaya, kuma lamba take bayarwa wadda za a iya ajiyewa a nuna wa sufeto. Tana da tsada, amma kamfanin da ke yin abin da za a zuba a jijiyar mutum ba shi da hujjar kukan tsada.

Babban roƙona shi ne hukumarku ta riƙa ɗaukar samfuri a ƙarshen hanya, ta gwada liƙinsa a can. Manyan masana'antun magani suna yin gwajin shuɗi a kan layin aiki, amma katin da ya fito daga inji yanzu da wanda ya kwana a hanyar Lakwaja ya yi wata uku a sito ba ɗaya ba ne. Tunda an mayar da dilolin magani na Sabon Gari zuwa cibiyar sari ta Ɗangwauro a kan hanyar Zariya a 2024, yanzu akwai ƙofa ɗaya da maganin jihohi da dama, har da na 'yan kasuwar Nijar da ke sari a Kano, ke bi. A ajiye akwatin zuƙe iska a wurin, da ma'aikaci, a riƙa ɗiba daga kowane rukuni na magungunan da ba sa son danshi. Abin da ya nuna alama a tura shi ɗakin gwajinku na Kaduna. Haka ma kasuwar Singa ta ɓangaren abinci. In aka yi shekara guda ana rubuta sakamakon, rani da damina, za ku san kamfanonin da ledarsu ba ta jure hanyar Arewa, su ma su sani.

Game da ƙananan masu sana'a kuwa, ina roƙon kada wannan ya zama sabon kuɗi da za a ɗora musu ko sabon dalilin rufe musu wurin aiki. In aka yi haka za su gudu daga rajista gaba ɗaya, su koma sayarwa a ɓoye, kuma an yi asara biyu. Matar da jarinta bai kai kuɗin na'urar ba ba za ta saya ba. Abin da zai yi aiki shi ne na'ura ta haɗaka: a ofisoshinku na jihohi, a cibiyoyin hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN, a cibiyar renon fasaha ta Kano, inda mace za ta kawo ledojinta a gwada a gabanta, a nuna mata kumfar, a gaya mata gyaran. Ranar da sufeto ya je duba wurin aiki, ya tafi da ƙaramin akwatin a motarsa. Masu ɗan ƙarfi kuma a nemi su ajiye littafi, su gwada da safe, da bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, da duk lokacin da aka sa sabon naɗin leda.

Ba sai an shigo da kowace na'ura daga waje ba. Sashen injiniya na Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna za su iya ƙera ta, kuma kwamfiresan tsohon firji yana zuƙe iskar da ta isa wannan aiki. Sai dai a nan ake buƙatar hannun hukuma, domin abin ba na wasa ba ne. In aka zuƙe rabin iskar akwati mai murfin da faɗinsa ya kai santimita 30, iskar waje tana danna murfin da nauyin fiye da kilo 350. Siririyar roba ko gilashin taga za su fashe a fuskar mai kallo. Ku da hukumar tsara ma'aunin ingancin kayayyaki ta SON ku fitar da zane ɗaya amintacce, da kaurin roba, da yadda za a riƙa daidaita agogon awon, sai maƙera su bi.

A ƙarshe, a rubuta bayanin gwajin da Hausa, shafi biyu da hotuna, a karanta a rediyo, a tura a wayoyin ƙungiyoyin mata. A haɗa da abin da mai saye zai iya yi da hannunsa: ya matsa ledar madara ko biskit a hankali, in ta saki iska ta lotsa ya ajiye ta, ya ƙi karɓar katin maganin da takardar bayansa ta ɗaga ko ta tsage, ya mayar da gwangwanin da ya kumbura ko ya lotsa a baki. Ma'aikacin asibitin karkara kuma a tuna masa kada ya buɗe ledar abin gwajin zazzaɓi sai zai yi amfani da shi, kuma ya jefar da wanda ledarsa ta huje.

Ranki ya daɗe, ina roƙon a fara da Ɗangwauro, kuma a fara kafin damina mai zuwa ta sauka. Akwai masu irin aikina a Sharaɗa da Bompai da Challawa da za su ba da lokacinsu kyauta don koyar da mata masu sana'a, in hukumarku ta samar da na'urar da wurin ajiye ta. Muna jiran amsarki.

Na bar ki lafiya.

Naki,
Mai duba ingancin kaya a wata masana'antar abinci,
Kano.